Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: littafin aikina kan masu gidaje a ƙasashe goma

9 ga Janairu, 2024

Yau na buɗe wannan littafi don in riƙa rubuta inda aiki ya kwana. Abin da na sa a gaba shi ne haɗa kundi a kan rayuwar masu gidan kansu a ƙasashe daban-daban: abin da suke biya bayan sun karɓi makulli, abin da ke lalacewa, da wanda ke aiko musu da takarda. Ranar da aka sayi gida kowa yana jin labari, a tsaya a bakin ƙofa a ɗauki hoto, a yi ta sam-barka. Shekarun da ke biyo baya ne ba a cika ba da labarinsu ba, kuma su nake nema, domin na ga mutanen da suka zuba gumin shekara ashirin a gida ba tare da wani ya gaya musu abin da ke jiransu ba.

Na ware ƙasashe 10, na rubuta tambayoyi 14. Duk hirar ta waya za a yi. Alkawarin da na yi wa kowa ɗaya ne: ba suna, ba unguwa, ba hoto.

Tun kafin in kira kowa na ci karo da matsalar kalma. In na rubuta "maigida", mai karatu zai ɗauka miji nake nufi ko ubangidan aiki, alhali kusan rabin waɗanda suka amsa mini mata ne. Na tsaya a kan "mai gidan kansa" da "mai gidan kanta".

21 ga Janairu

Da yayata na fara, wadda ke zaune a arewacin Ingila. Na karanta mata tambaya ta ɗaya, wato nawa ta sayi gidan. Ta faɗa, ta yi shiru, sai ta ce, "Ƙanina, ajiye takardar nan, bari in nuna maka wani abu."

Ta juya wayar, ta hau sama ɗakin yara, ta sa kafaɗa ta ture durowar kaya. Bangon da ke baya ya yi baƙi ƙirin da fumfuna, tun daga lungu har ta fara hawa silin. Ta ɗauko jakar makarantar ƙaramin da ta kwana a wurin, bayanta ya yi kore. Kullum da asuba, kafin yara su tashi, sai ta bi tagogi da tawul tana share zufar da suka yi. Gidan na jan bulo ne, irin masu jere manne da juna, ya haura shekara ɗari, kuma bangonsa ba shi da rata a tsakiya kamar ginin zamani. Sanyi yana dukan bangon daga waje, numfashin mutane da tururin girki da wankin da aka shanya a ɗaki suna dukansa daga ciki, sai ya yi ta tsatsafar ruwa. Maganin a bayyane yake, a ƙara ɗumama gida a riƙa buɗe taga, amma kowanne cikin biyun gas yake ci. Ta sayi na'urar tsotse danshi, kuma duk yamma sai ta zubar da ruwa cike da mazubinta.

Daga nan muka shiga lissafi. Akwai harajin ƙaramar hukuma, wanda aka kasa gidaje rukuni takwas, daga A zuwa H, gwargwadon darajarsu a ranar 1 ga Afrilu, 1991. Har yau a Ingila da wannan tsohon ƙiyasin ake aiki. Sai kuma bashin gidan. Yaya ba ta yarda ta ci bashi da ruwa ba, ta bi hanyar musharaka: ita da banki suka haɗa hannu suka saya, tana biyan haya a kan kason banki tana kuma sayen kason kaɗan-kaɗan. Irin waɗannan hanyoyi na Musulunci sun fara sauƙi ne tun 2003, lokacin da Birtaniya ta fara daina karɓar harajin sayen gida sau biyu a cikinsu. Sai dai hayar da aka yanka mata ta shekara biyu ce, in ta ƙare a sake yankawa, kuma tana bin sawun kuɗin ruwan Babban Bankin Ingila, wanda ya tashi daga kashi 0.1 cikin 100 a ƙarshen 2021 zuwa 5.25 a Agustan 2023. Wa'adinta zai cika a ƙarshen bazara. Ta ce tun yanzu take rage cefane don ta saba.

Da muka yi sallama na mayar da tambayar farashi can ƙarshe. A gurbinta na rubuta: me ya hana ka barci a watan nan?

2 ga Fabrairu

An samu cikas. Mutumin da na yi ta bibiya a kudancin Sin ta hannun wani ɗan kasuwa ya janye, ya ce ko murya ba ya so a naɗa. Ban matsa masa ba. Ya yarda dai in rubuta abu ɗaya, cewa shekara uku ke nan yana biyan bashin gidan da bai taɓa taka ƙafarsa ciki ba, yana kuma biyan hayar inda yake kwana.

A can akan sayi gida tun yana kan takarda. Ka ba da kafin alƙalami, banki ya cika, ka fara biya wata-wata alhali benen bai kai rufi ba. In kamfanin gini ya durƙushe, bashin yana nan a wuyanka. Shi ya sa a Yulin 2022 masu saye a birane da dama suka yi barazanar daina biya. Ranar 29 ga Janairun nan kotu a Hon Kon ta ba da umarnin a karya kamfanin Evergrande a biya masu binsa. Wanda ya sayar wa mutumin nan wani kamfani ne daban, kuma ba zan kama sunansa ba. Filin ma na gwamnati ne, iznin zama na shekara 70 ake saye. Babin Sin zai yi gajarta, haka zan bar shi.

18 ga Fabrairu

Sai da na raba dare kafin na samu abokin karatuna da ke wajen birnin Hustan a jihar Teksas ta Amurka. Awa biyu muka yi, kuma ita ce hira mafi nauyi zuwa yanzu.

Bashinsa na shekara 30 ne, kuma ruwan da aka yanka masa a 2021, ƙasa da kashi 3 cikin 100, ba zai motsa ba har ya gama biya. Mai gida a Ingila zai ji wannan kamar tatsuniya. Abin yana yiwuwa ne saboda Fannie Mae da Freddie Mac, kamfanoni biyu da gwamnatin Amurka ke mara wa baya, suna saye irin wannan bashi daga hannun bankuna. Amma alherin ya zo da turke. A Oktoban 2023 ruwan sabon bashi ya doshi kashi 8, don haka in ya sayar ya sayi wani, abin da zai riƙa biya sai ya kusa ninkawa. An yi masa tayin aiki a wata jiha ya ƙi, an haifa masa na uku, gidan ya yi musu kaɗan, yana nan zaune.

Na ce to ai ko ba komai ya san abin da zai biya kowane wata. Ya ce, "Mutumina, ruwan ne bai motsa ba." Banki yana haɗa haraji da inshora a cikin biyan wata, su kuwa kullum hawa suke. Teksas ba ta karɓar harajin albashi na jiha, saboda haka makarantu da ƙananan hukumomi a kan harajin gidaje suka dogara. Duk shekara ana aiko masa da takardar sabon ƙiyasin darajar gidan, kuma yana da damar ƙorafi kafin 15 ga Mayu. Yanzu haka ya fara zagayawa da waya yana ɗaukar hoton tsagar bango, da shingen katako da ya karkace, da rufin da ya tsufa, don ya nuna wa hukuma gidan bai kai yadda suka ce ba. Ya ce wannan zagayen yana masa ciwo, domin gidan da ya fi ƙauna yake tara wa shaidar aibi.

Abin da ban taɓa ji ba shi ne ban ruwan harsashin gini. Ƙasar yankin laka ce, ta kumbura da ruwa, ta tsuke da fari. In ta tsuke sai daɓen da gidan ke zaune a kai ya sunkuya, bango ya tsage. Don haka ya kewaye gidan da tiyo mai ƙananan huji, lokacin zafi yana shayar da ƙasar a hankali. Ƙofar bayi ce ma'auninsa, da zarar ta fara cijewa ya san ƙasa ta ji ƙishi.

Ya ba ni labarin sanyin Fabrairun 2021, da wuta ta ɗauke kwanaki, bututun da ke bi ta saman silin ya daskare ya fashe, silin ɗin falo ya rufto. Tun daga nan, da an yi hasashen ƙanƙara sai ya naɗe famfunan waje da tsumma, na ciki kuma ya bar su suna ɗiga har safe. Guguwar Habi ta 2017 kuma ta koya wa maƙwabtansa cewa inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai an yanki wata daban. Akwai kuma ƙungiyar masu gidajen unguwa, wadda ta taɓa aiko masa da wasiƙa saboda ciyawar ƙofar gida ta yi tsawo. Tana da ikon cin tara, in aka ƙi biya ta ɗora bashin a kan gidan. Na zaci zai zage ta, sai ya ce ita ce ta hana unguwar lalacewa.

7 ga Maris

Rabin hirar Landan ta ɓace, wayar ta cika ban lura ba. Yaron, ma'aikacin jinya ne, ya yi mini halacci muka sake. Yanzu ina naɗa a wuri biyu.

Ya sayi gida a hawa na bakwai, kuma na yi kwana uku ina neman kalmar da za ta ɗauki irin mallakar da ke hannunsa. Ya biya kuɗin gida cif, amma ƙasar da ginin kansa na wani ne. Abin da ya saya shi ne iznin zama na shekaru ƙididdigaggu, galibi 99 ko 125, wani lokaci 999. Yana biyan kuɗin ƙasa duk shekara, da kuɗin hidimar bene wanda ba shi ke yankawa ba. In shekarun da suka rage suka sauko ƙasa da 80, sabuntawa ta yi tsada, bankuna su fara ja da baya. "Haya" ta yi masa kaɗan, "mallaka" ta yi masa yawa. Na zaɓi "mallakar wa'adi".

Wa'adin ma ba shi ne babban tashin hankalinsa ba. Bayan gobarar benen Girenfel ranar 14 ga Yuni, 2017, wadda ta ci rai 72, aka gano benaye masu yawa an lulluɓe jikinsu da alluna masu kama wuta. Nasu yana ciki. An ɗauki masu gadi suna sintiri dare da rana don su ta da mutane in wuta ta tashi, kuma mazauna aka caja. Inshorar benen ta yi tashin gwauron zabo. Banki ba ya ba mai saye bashi sai da takardar shaidar lafiyar bango, don haka ba ya iya sayarwa. Dokar 2022 ta sauke wa irinsa nauyin kuɗin cire allunan, amma har yau ba a fara aikin ba. Ya ce, "Kawu, na san yawan matakalar benen nan da ka." Tun da aka haifi 'yarsa yake ajiye takalmi da zanin goyo a bakin ƙofa kafin ya kwanta.

30 ga Maris

Singafo. Wata malama ta ba ni minti arba'in. Ita ma shekara 99 ce a takardarta, amma gwamnati ce mai ƙasar kuma ita ta gina, ta hannun hukumar gidaje ta HDB da aka kafa a 1960. Kusan mutum 8 cikin 10 a irin gidajen suke zaune, kuma da asusun tanadin dole da ake cira daga albashi akan biya. Ba a sayarwa sai an zauna aƙalla shekara biyar, kuma tun 1989 kowane bene yana da kason ƙabilu da ba a wucewa. Abin da ke damunta a watan nan shi ne ruwan da ke ɗiga daga bayin na sama. Ƙa'ida ta ce su raba kuɗin gyara, maƙwabcin kuwa ya ƙi buɗe ƙofa.

5 ga Mayu

Afrilu ya tafi a juyar da murya zuwa rubutu. Hirar awa ɗaya tana cin mini awa biyar. Shafi 41 ke nan.

Jiya na yi hirar Jafan, wani ɗalibi a Osaka ya yi mana tafinta. Matar ta haura sittin, kuma matsalarta ta sha bamban da ta kowa, domin gida ne ya yi mata yawa. Iyayenta sun rasu sun bar mata gidan katako a ƙauyen da matasa suka watse. Ba mai saye, ba mai haya. Suna ce wa irinsa akiya, mu kuwa kango za mu ce. Ranar 30 ga Afrilu gwamnati ta fitar da ƙidayar 2023: gidaje miliyan 9 ba kowa a ciki, kashi 13.8 cikin 100 na gidajen ƙasar.

Duk bayan wata biyu takan hau jirgin ƙasa ta je. Ta zame ƙofofin don iska ta ratsa, ta kunna kowane famfo ya zuba, ta ɗaga tabarmin ƙasa ta duba gara, ta yanke ciyawa kafin maƙwabta su kai ƙara. Kayan mahaifiyarta suna nan yadda ta bar su, har tabarau a kan jarida. Na tambaye ta me ya hana ta rushe. Dalili biyu ta ba ni. Rusawar kanta kuɗi ce mai yawa. Sannan filin da ke ɗauke da gida ana rage masa haraji zuwa kashi ɗaya cikin shida, in aka share shi rangwamen ya tafi. Barinsa ma ba mafita ba ne, don tun Disamban 2023 hukuma na iya janye rangwamen daga kangon da ba a kula da shi. Daga 1 ga Afrilun bana kuma ya zama dole magaji ya yi rajistar gadon cikin shekara uku, in ba haka ba tara har yen 100,000.

A lissafin harajin Jafan gidan katako shekara 22 yake yi darajarsa ta ƙare, ƙasar ce dukiya. Nasu an gina shi kafin a tsaurara ƙa'idar girgizar ƙasa a 1981, kuma ta ga yadda tsofaffin gidaje masu nauyin rufi suka durƙusa a girgizar yankin Noto ranar 1 ga Janairun bana. Duk da haka a ciki take kwana in ta je.

Sai da tafinta ya fara sallama ta ƙara dalili na uku. Ta ce in ta rushe, ba inda za ta ce ta fito. Na daɗe zaune bayan an kashe waya.

27 ga Mayu

Labari biyu. Ranar 24 ga wata Birtaniya ta zartar da dokar gyaran mallakar wa'adi, wadda za ta mayar da sabuntawa shekara 990. Na gyara babin Landan, amma na rubuta a fili cewa mafi yawan tanadinta bai fara aiki ba, kada wani ya karanta ya yi gaggawa. Abokina na Teksas kuma ya shigar da ƙorafinsa da hotuna 23, an ɗan rage masa.

16 ga Yuni

Jamus, inda masu gidan kansu ba su kai rabin jama'a ba, kuma zaman haya har tsufa ba abin kunya ba ne. Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin masana'anta ya karɓe ni da fayil a gabansa, kowace takarda da ranarta.

Ya tuna ranar ciniki, yadda lauyan shaida ya karanta musu yarjejeniyar da baki daga farko har ƙarshe, haka doka ta ce. Harajin saye kaɗai tsakanin kashi 3.5 ne da 6.5, gwargwadon jiha. Mai duba bututun hayaƙi yana zuwa a kan lokacinsa, ba a hana shi shiga. In dusar ƙanƙara ta zuba, share hanyar ƙafa da ke gaban gida a wuyan mai gida take, in wani ya zame ya karye shi za a tuhuma. Yana da shekara 74, gwiwa ta fara ƙi, yanzu ɗan maƙwabci yake biya. Ran Lahadi ba a kunna injin yankan ciyawa.

Takardu biyu ya fi jujjuyawa. Ɗaya ta harajin fili ce. A 2018 kotun tsarin mulki ta soke tsohon ƙiyasi, wanda a yammaci na 1964 ne, a gabashi na 1935, sabon lissafi zai fara a 2025, kuma har yanzu yana jiran ya ji nawa zai faɗo masa. Ɗayar ta tukunyar ɗumama gida ce. Tasa ta mai ce, ta tsufa, dokar da ta fara aiki a Janairun bana kuma tana tura mutane zuwa na'urorin da kashi 65 na makamashinsu mai sabuntuwa ne. Ya ce ba ya jayayya da manufar, amma wane banki zai ba ɗan shekara 74 bashin gyara?

24 ga Yuni

Na wargaza tsarin kundin. Da farko kowace ƙasa da babinta, sai na ga mai karatu zai yi ta tsallake ƙasashen da ba ruwansa da su. Da na shimfiɗa shafukan a ƙasa na dube su, sai ga yayata da malamar Singafo suna maganar ruwa ɗaya, yaron Landan da mutumin Sin suna riƙe da takardar da ba ta ba su abin da suka zata ba, matar Jafan da dattijon Jamus kuma suna tambayar wa zai ɗauka bayansu. Yanzu babi biyar ne: ruwa, takarda, bashi, maƙwabta, gado. Aikin mako uku ya koma baya, amma na gamsu.

13 ga Yuli

Guguwar Beril ta bi ta Hustan ranar 8 ga wata, gidaje da shaguna sama da miliyan biyu suka rasa wuta. Kwana huɗu ban samu abokina ba. Jiya ya turo saƙo: kowa lafiya, reshen bishiya ya huda rufi, shingen nan da ya ɗauki hotonsa ya kwanta gaba ɗaya, yana jiran mai ƙiyasin inshora.

A tsakani na yi hirar Johanasbag, a Afirka ta Kudu. Tun ƙarshen Maris ba a yi musu ɗauke wutar karɓa-karɓa ba, amma mutumin yana kan biyan bashin sola da batiran da ya saya a 2023, lokacin da abin ya fi muni, domin in wuta ta tafi wayar tsaron kan katanga da ƙofar mota duk su mutu. Yanzu ruwa ne ya fara yankewa, ya kafa tanki a bayan gida.

4 ga Agusta

Gana. Wata tsohuwar malamar makaranta a bayan garin Akara. Na ce, "Mama, me ya hana ki barci a watan nan?" Ta ce yanzu kam tana barci, amma ta yi shekaru ba ta yi.

Mafi yawan ƙasar Gana a hannun sarakuna da dangi take. Ta sayi filinta daga wani ɓangare na dangi, ta tara bulo, sai ga wani ɓangaren da tasu takardar, da samari masu gadin fili riƙe da sanduna. Sau biyu ta biya kuɗin fili ɗaya. Daga nan ta yi abin da kowa ke yi, ta ja katanga, ta gina ɗaki ɗaya ta sa mai gadi da iyalinsa, ta sa aka rubuta da jan fenti cewa filin ba na sayarwa ba ne. Dokar filaye ta 2020 ta mayar da aikin irin waɗannan samari laifin ɗauri, amma nata ya riga ya faru. Ba ta ci bashin banki ba. Shekara 11 tana gini, albashi ya shigo ta sayi siminti, ya ƙare aiki ya tsaya. Ta tare ba filasta, tagogi biyu a toshe da katako. Ta roƙe ni in rubuta wa duk mai saye ya fara zuwa Hukumar Filaye ya bincika kafin ya ba da ko sisi, kuma in baƙo ne ya sani shekara 50 ce iyakar abin da doka ta ba shi. Na sa maganarta a farkon babin takarda.

Ranar 1 ga wata Babban Bankin Ingila ya rage ruwa zuwa kashi 5. Na kira Yaya da murna, ta ce ragin bai kai ya taɓa tukunya ba.

8 ga Satumba

Shafi 96, hira 13, ƙasashe tara. Ranar 4 ga wata aka fitar da rahoton ƙarshe na binciken Girenfel. Na tura wa yaron Landan saƙo, ya amsa da hoton ƙarafan hawa da aka fara kafawa a jikin benensu.

Jiya na yi Turkiyya. Matar tana zaune a bene mai gida 12 a Istanbul, ginin kafin girgizar ƙasa ta 1999. Tana da inshorar girgizar ƙasa, wadda ta zama dole tun 2000, amma tun bayan girgizar 6 ga Fabrairu, 2023, da ta kashe sama da mutum 50,000 a ƙasar, ba ta kallon ginshiƙan ƙasan benen da ido ɗaya. Tana so a gwada simintin. Maƙwabta suna tsoro, domin in gwaji ya nuna ginin na da haɗari, doka ta ce a fita a rushe, kuma tsofaffin da ke hawa na ɗaya ba su da abin da za su zuba a sabon gini. Sau uku ana taro ana tashi baram-baram. Ba ta ga laifinsu ba, ni ma ban gani ba. Na rasa ko babin maƙwabta zan kai ta ko na gado, na ajiye ta a tsakani tukuna.

Holan ce ta rage. Na samu wani mai gida da turakun katakon da ke ƙarƙashin gininsa suka fara ruɓewa saboda ruwan ƙasa ya ja baya, mun sa ranar 15 ga wata.

Da yamma Yaya ta kira. Takardar sabuwar hayar ta iso, ta ƙaru, amma ba ta kai abin da ta ji tsoro ba. Ta sake hawa da ni ɗakin yara. Ta wanke bangon, ta shafa fenti mai hana fumfuna, ta ja durowar ta bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango. Ta ce in sake kira a Nuwamba, lokacin da tagogi suka fara zufa. Na rubuta ranar a bayan littafin nan, kuma babin ruwa zai jira har sannan.